Tambaya da Amsa: Gubar da ba ta kashe ɗan kifi, sai dai ta tuɓe masa garkuwa

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ce a fitowar baya akwai dattin ruwa da ido ba ya gani kuma hanci ba ya ji amma yana iya rikita halittar kifi ta hanyar homon ɗinsa, wato sinadaran da ke kai saƙo a jiki, har ya taɓa garkuwar jikinsa, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu tambaya wasu kuma musu, har da wanda ya ce kawai ina tsorata mutane ne. To madalla, musun ma muna so. Na zaɓo guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu don fili.

Tambaya daga Aisha, ɗalibar kimiyyar halittu: Malam barka da aiki. Dan Allah ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, an koya mana sinadaran da ke rikita homon matsalarsu a wajen haihuwa take, namijin kifi ya koma kamar mace da sauransu. To ina ruwan homon da garkuwar jiki kuma? Ni na ɗauka kowanne da hanyarsa.

Amsa: Malama Aisha ba ke kaɗai ba ce, su kansu masanan sun yi shekaru suna kallon gefe ɗaya. Dalili kuwa abin da aka fara gani ne ya ɗauke hankalin kowa. A 1994 masu bincike a Ingila suka fitar da sakamakon wani gwaji, sun saka mazan kifin tirawut a keji a bakin inda ruwan matatar bahaya ke zubowa kogi, sai ga jinin mazan nan cike da sinadarin da mace ce kawai ke yinsa don haɗa gwaiduwar ƙwai, wanda ake kira bitelojenin. A 1998 Susan Jobling da abokan aikinta suka duba kifin roc a kogunan ƙasar, a wasu wuraren duk namijin da aka kama sai an samu ƙwayayen mace a cikin marainansa. Kin ga irin wannan labarin ai dole ya cika jarida, namiji da ƙwai. Wa zai tsaya tambayar ko kifin yana saurin kamuwa da cuta?

Amma bari mu koma jikin kifin. Homon saƙo ne, wani sashen jiki ya aika ta cikin jini, duk ƙwayar halittar da ke da kunnen jin wannan saƙon sai ta karɓa ta yi aiki da shi. Abin da ke cikin gurɓataccen ruwa sojan gona yake yi, siffarsa ta yi kama da ta homon na gaskiya sai ƙwayar halitta ta buɗe masa ƙofa ta karɓi umarnin da ba wanda ya aiko. Wani kuma ba umarni zai bayar ba, tsayawa zai yi a bakin ƙofar ya tare, ɗan aiken gaskiya ya zo ya rasa hanya. To abin da aka gano daga baya shi ne fararen ƙwayoyin jinin kifi, wato sojojin garkuwar jikinsa, su ma suna da wannan kunnen na jin homon ɗin mata da ake kira istirojin. Ba marainai da hanta kaɗai ba. Saboda haka duk abin da ya yi shigar istirojin ya shiga jiki, su ma sun ji shi.

Ga kuma wani abu da ni yake burge ni duk sanda na tuna. Kifi ba shi da ɓargon da ke haɗa jini irin namu. Aikin da ɓargo ke yi mana, shi gaban ƙodarsa ce ke yi masa, can kusa da kai, nan ake ƙyanƙyasar ƙwayoyin jini da na garkuwa. Kuma a cikin wannan naman dai, ba a wani waje daban ba, ƙwayoyin da ke yin kotisol suke zaune, homon ɗin da jiki ke saki idan an shiga takura. Wato masu yin homon da masu yin garkuwa ɗaki ɗaya suke kwana, a cakuɗe. Kin ga maganar kowanne da hanyarsa ba ta taso ba ke nan.

Yanzu ɗan kifi. Ranar da aka ƙyanƙyashe shi ba shi da cikakkiyar garkuwa, guzuri ne kawai uwarsa ta zuba masa a cikin ƙwai, 'yan antibodi, wato sinadaran da jiki ke haɗawa don kama ƙwayar cuta, da wasu sinadaran kashe bakteriya, da su zai lallaɓa kafin nasa ya tsaya. A kifin zebra, wanda aka fi yin gwaji da shi saboda ɗansa garau yake kamar gilashi kana iya ganin cikinsa da madubin ƙara girma, ƙwayoyin farko masu haɗiye ƙwayar cuta suna bayyana tun yana da kwana ɗaya da ɗoriya, za ki gan su suna rarrafe a kan gwaiduwar da ke manne a cikinsa, idan aka ɗan yanki bakin jelarsa cikin awa ɗaya zuwa biyu sai ki ga sun yi cincirindo a wajen ciwon. Wannan ita ce garkuwar gaggawa, ba ta tambayar sunan maƙiyi, duka kawai. Amma garkuwa ta biyu, mai gane maƙiyi ta haɗa masa antibodi na musamman ta kuma riƙe shi a ƙwaƙwalwa don gaba, wadda ita ce riga-kafi ke dogara da ita, ba ta kammala sai kifin ya kai sati 4 zuwa 6. A tsakanin nan ne wata 'yar tsoka mai suna taimos, da ke saman wajen numfashinsa ƙarƙashin murfin kumatu, take horar da sojojin, tana koya musu wane ne ɗan gida wane ne baƙo. To a ce ana tsakiyar wannan horon saƙon ƙarya ya yi ta shigowa. Babban kifi idan ya sha gubar ya fita daga ruwan yana iya warwarewa don gininsa ya riga ya bushe. Shi ɗan kifi tun ginin yana ɗanye aka dafa shi.

Misali ɗaya da nake son ki riƙe. A 2003 masu bincike a jihar Oregon ta Amurka suka wallafa wani gwaji da suka yi da kifin salmon irin wanda ake kira cinuk. Sun tsoma ƙwayayen a ruwa mai ɗauke da wani nau'in DDE, wato abin da maganin ƙwarin nan DDT ke rikiɗewa ya zama, na 'yan awanni kawai, sau ɗaya lokacin da aka barbare ƙwan sau ɗaya lokacin ƙyanƙyasa. Daga nan aka mayar da su ruwa mai kyau. Suka ƙyanƙyashe lafiya, suka girma kamar sauran, idan kin gan su ba za ki ce wani abu ya taɓa samunsu ba. Bayan shekara ɗaya cur aka gwada ƙwayoyin saifarsu, sai aka ga ƙarfinsu na haɗa antibodi ya ragu sosai a kan na 'yan uwansu da ba a tsoma ba. Awanni kaɗan, shekara guda. Wannan shi ya sa nake cewa a wannan fannin tambayar yaushe ta fi tambayar nawa muhimmanci.

Sai dai kar ki rubuta a jarrabawa cewa istirojin kullum rage garkuwa yake, za a kayar da ke. Wani lokacin ragewa yake wani lokacin zuga ta yake ta yi kumburin da ba a buƙata, ya danganta da irin kifin da shekarunsa da yawan sinadarin da kuma wane ɓangaren garkuwar aka auna. Kalmar da ta dace ita ce rikitawa.

Tambaya daga Injiniya Bashir: Malam da girmamawa amma ni ban gamsu ba. Kogi fa ruwa ne mai yawa kuma yana tafiya. Ɗan abin da ya zubo ai narkewa zai yi ya ɓace. Ba zuzutawa ce irin ta masu neman kuɗin bincike ba kuwa?

Amsa: Injiniya tambayarka a kan hanya take, kuma da a ce maganar guba ce irin wadda muka saba, da na ce ka yi gaskiya, yawan ruwa na karya ta. Matsalar ita ce shi homon dama can a ɗan mitsitsin adadi jiki ke aiki da shi, saboda haka mai kwaikwayonsa ma ba ya buƙatar yawa.

Tunda kai mutumin lissafi ne ga lissafi. A arewa maso yammacin Ontariyo ta ƙasar Kanada akwai wasu tafkuna da aka ware don gwaji kawai. Daga 2001 zuwa 2003 Karen Kidd da tawagarta suka riƙa zuba istirojin ɗin roba, irin wanda ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa, a ɗaya daga ciki mai lamba 260, suka riƙe shi a nanogiram 5 zuwa 6 cikin kowace lita. Nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Idan ka ɗauki ruwa lita miliyan 2 da rabi, wato cikin babban wurin ninƙaya irin na gasar Olamfik, abin da za ka zuba bai wuce miligiram 12 zuwa 15 ba, ɗan abin da zai maƙale a bakin farce. Bayan shekara ta biyu wani ƙaramin kifi da ke cike da tafkin, fathed mino, ya kusa ƙarewa ƙaf, don ƙananan sun daina fitowa. An wallafa wannan a 2007. Gaskiya dai wannan rushewar ta haihuwa ce ba ta garkuwa ba, na kawo ta ne don ka ga ƙanƙantar adadin da ke iya motsa jikin kifi.

Ta ɓangaren garkuwa kuwa abin da ya sa ake raina shi shi ne ba ya barin shaida. Kifi ya mutu, an buɗe shi an ga bakteriya, sai a rubuta bakteriya ce ta kashe shi a rufe fayil. Wani gwaji da aka yi a Siwizalan aka wallafa a 2011 ya nuna abin ƙarara, an ba ƙananan tirawut istirojin a abinci, suna nan lafiyarsu ƙalau suna iyo, sai da aka sakar musu bakteriyar Yersinia ruckeri mai sa jan baki sannan bambancin ya fito, waɗanda suka ci istirojin suka fi mutuwa, kuma hantarsu ta kasa ɗaga sinadaran yaƙi da cutar yadda ta sauran ta ɗaga. Ka ga da ba a kawo cutar ba da sai a ce ai ba abin da ya same su. Haka a wajen birnin Siyatil, Mary Arkoosh da abokan aikinta a shekarun 1990 sun kwaso ƙananan salmon daga mashigin kogin Duwamish mai dattin masana'antu, cike da wani sinadarin masana'antu mai suna PCB da ragowar man fetur, da wasu daga wuri mai tsabta, suka haɗa su da bakteriya iri ɗaya, na Duwamish suka fi zubewa. Su kuwa ba zama suke a wurin ba, wucewa kawai suke na 'yan makonni a hanyarsu ta zuwa teku.

Maganar narkewa kuma, ba duka ke narkewa ba. PCB da DDT ba sa son ruwa, kitse suke bi, su kwanta a laka su shiga jikin ƙananan halittu su taru a jikin uwar kifi, ita kuma ranar da za ta haɗa ƙwai ta juye su cikin gwaiduwa. Amurka ta hana yin PCB tun 1979, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa shi a jerin abubuwan da duniya za ta kawar, amma har yau yana nan a lakar koguna da yawa. Wato ɗan kifin tun bai buɗe baki ya sha ruwan ba ya riga ya gaji kasonsa.

Tambaya daga Alhaji Sani, mai ƙyanƙyasar kifi: Malam Allah ya ƙara basira. Ni shekara shida ina ƙyanƙyasar tarwada. Bana sau uku ina asara iri ɗaya, su ƙyanƙyashe da kyau su cinye gwaiduwarsu su fara cin abinci, sai wajen sati na biyu zuwa na uku in wayi gari in ga wasu sun rataye a tsaye kai sama, cikinsu ya kumbura gefen baki ya yi fari, kafin kwana uku kwamin ya zama kabari. Na sa magani kala-kala. Ruwan da nake ja daga rafi ne kuma sama da ni akwai gonaki da ake feshi da wani wajen wanki. Ko irin wannan gubar ce? Sannan allurar da muke wa uwar kifi don ta saki ƙwai ba ita ma homon ba ce?

Amsa: Alhaji Allah ya mayar da alheri, asarar ƙyanƙyasa akwai ciwo don wahalar dare ce, mutum ya kwana yana zuƙe datti da siririn tiyo yana leƙa kwami da tocila sannan a wayi gari haka. Amma zan faɗa maka gaskiya ko da ba ita ka so ji ba, kafin ka zargi gubar homon ka fara kawar da manyan ɓarayin da aka sani. A sati na biyu zuwa na uku abin da ya fi kashe 'ya'yan kifi shi ne ammoniya daga ragowar abinci da kashinsu, ƙarancin iska a ruwa musamman gab da asuba, cunkoso, sanyin dare da ke sauka farat ɗaya, da canjin abinci da aka yi da gaggawa. Kowanne daga cikin waɗannan yana ɗaga kotisol a jikinsu, shi kuma kotisol idan ya daɗe a sama danne garkuwa yake, sai bakteriyar da dama tana cikin ruwan kullum ba ta iya komai, irin su Aeromonas, ta samu ƙofa. Alamomin da ka faɗa sun yi kama da nata da na 'yar uwarta mai sa farin baki. Ka ga a nan ma homon ne ya karya garkuwar, sai dai na cikin gida ne ba na rafi ba. Ka samu abin gwajin ammoniya da na iskar ruwa ka riƙa aunawa safe da yamma kana rubutawa.

To amma ban wanke rafin nan ba. Abin da ya sa kuwa ka ce shekara shida kana yi hannunka bai canza ba sai bana, kuma lokacin da suke mutuwa ya faɗo daidai gaɓar da guzurin uwa ya ƙare nasu kuma bai gama tsayawa ba, ita ce gaɓa mafi rauni a rayuwar kifi. Ruwan da ya biyo ta gonar feshi yana iya ɗauko maganin ciyawa da na ƙwari, cikinsu akwai irin atarazin da Tarayyar Turai ta janye izininsa tun 2004 saboda yadda yake shiga ruwan ƙasa amma ana ci gaba da amfani da shi a ƙasashe da dama. Ruwan wanki na masana'anta kuma yana iya zuwa da nonilfenol, wanda ke fitowa idan wasu sabulan masana'antu suka ruɓe, shi ma shigar istirojin yake yi. Ba za ka gane su da ido ko hanci ba, kuma gwajinsu sai babban ɗakin bincike.

Gwajin da za ka iya da hannunka shi ne wannan. Ƙyanƙyasa ta gaba ka raba ƙwan uwa ɗaya gida biyu, kwami iri ɗaya, yawa iri ɗaya, abinci iri ɗaya, hannu ɗaya, rabi a ruwan rafin rabi a ruwan rijiyar burtsatse da aka bari ya sha iska. Kullum ka tsince matattun ka ƙirga ka rubuta, kar ka dogara da ido don ido yana bin abin da zuciya ta riga ta yanke. Idan ka maimaita sau biyu na rafin ne ke zubewa, ka samu amsarka ko ba ka san sunan sinadarin ba. Kuma ka lura ko mutuwar tana biyo bayan ruwan sama na farko bayan feshi, don a lokacin ne gona ke wanke kanta cikin rafi. Idan dole sai rafin, tace ruwan ta gawayin tacewa na musamman da ake sayarwa don haka yana kama da yawa daga irin waɗannan sinadaran, amma yana cika, sai ana canzawa. Magani kala-kala kuwa don Allah a rage, zuba maganin bakteriya barkatai ba ya gina garkuwa, bakteriyar kawai yake koya wa taurin kai.

Allurar uwar kifi, e homon ce, amma ba irin wanda muke magana ba. Yawancinta saƙo ne ga ƙwaƙwalwar uwar ta saki ƙwan da ya riga ya nuna, jiki yana narkar da ita da wuri, ba ta taruwa a kitse. Wanda ya fi buƙatar a yi hattara da shi shi ne na masu kiwon karfasa, da ke cakuɗa homon ɗin maza na roba a abincin 'ya'yan, wajen miligiram 60 a kilo ɗaya na tsawon sati 3 zuwa 4, don duk su tashi maza su fi saurin girma. Wannan kam ruwan da ya fito daga kwaminsa bai kamata a sake shi kai tsaye cikin rafi ba, kuma mai haɗawa ya sa safar hannu.

Tambaya daga Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya: Malam ni tsorona kar mutane su karanta su ce to ga shi nan, maganin tazarar haihuwa ne ke lalata ruwa, mata su daina sha. Dama da ƙyar muke shawo kan wasu.

Amsa: Maman Ilham kin yi daidai da kika tayar da wannan, kuma duk wanda ya karanta ni ya fita da wannan fahimtar bai karanta da kyau ba. Kowane ɗan Adam, mace da namiji, yana fitar da istirojin na halitta a fitsari kullum, mai juna biyu kuwa nata ya ninka na kowa nesa ba kusa ba. Dabbobin kiwo, shanu da aladu da kaji, abin da suke fitarwa a kashi da fitsari mai yawan gaske ne kuma akasari ba ya bi ta kowace matata, daga gona sai rafi. Ga na robobi irin BPA da ke tsatsowa daga juji, ga na masana'antu. Na cikin ƙwayar kaso ne ƙarami a cikin wannan taron, duk da cewa ba zan ɓoye ba, yana da ƙarfi a jikin kifi kuma ya fi na halitta jinkirin ruɓewa, don dama an ƙera shi ne ya jure.

Wani abin mamaki ma, jikin mutum kafin ya fitar da shi sai hanta ta ɗaure shi da wani sinadari ya zama ba ya aiki. Bakteriyar cikin bututun bahaya da matata ce ke kwance wannan ɗaurin ta mayar da shi mai rai. To kin ga gyaran a matata yake. Tsofaffin matatu an gina su ne don cire ƙazanta da wari da ƙwayoyin cuta, ba a yi su don irin wannan ba. Siwizalan ta fara aiki da doka a 2016 da ta tilasta ƙara wa manyan matatunta kusan 100 matakin tacewa da iskar ozon ko gawayin tacewa. Tarayyar Turai ma a dokarta ta 2024 ta bi wannan hanyar, ta kuma ce kamfanonin magunguna da na kayan kwalliya su ɗauki aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin. A ganina nan ne nauyin ya dace ya sauka, ba a kan matar da ke ƙoƙarin hutawa tsakanin haihuwa da haihuwa ba.

Tambaya daga Nura: Malam a taƙaice, a kogi na gaske an taɓa ganin wannan abu ko duk a kwalabar gwaji ne? Kuma idan aka daina zubawa kifin na dawowa?

Amsa: Nura an gani, sai dai kogi ba ya ba da amsa tsaf kamar kwalaba. A 2002 da 2003 kifi suka riƙa mutuwa da yawa a reshen kudu na kogin Potomak a Amurka, daga baya abin ya ɓulla a kogin Shenandowa, akasari kifin bas mai ƙaramin baki, jikinsu duk gyambo. Aka kira Vicki Blazer, masaniyar cututtukan kifi a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ta nemo cutar. Maimakon cuta ɗaya sai ta tarar da tarkace, wannan bakteriya iri kaza, wancan wata daban, ga tsutsotsi ga ƙwayoyin cuta iri-iri, babu guda ɗaya da za a nuna a ce ita ce. Idan ka ga haka, kowane ɓarawo ya shiga gida a dare ɗaya, ai ka san ba ɓarayin ne suka yi ƙarfi ba, ƙofar ce a buɗe. Kuma tana cikin yanka kifayen nan ne ta ci karo da abin da ba shi ta je nema ba, mazan da yawa da ƙwayayen mace a marainansu. Daga baya abokan aikinta suka nuna a 2009 cewa istirojin yana rage wani sinadari mai suna hefsidin a jikin kifin bas, wanda aikinsa kashe bakteriya da ɓoye mata sinadarin ƙarfen da take buƙata don ta hayayyafa. Kogin yana da wasu matsalolin, takin gona da zafin ruwa da sauransu, shi ya sa masu binciken suka ce taron dangi ne aka yi wa kifin, rikicin homon ɗaya ne daga cikin masu hannu.

Dawowa kuwa, ya danganta da sinadarin. A tafki mai lamba 260 da na ba Injiniya labari, bayan an daina zubawa a 2003 ruwan ya wanke kansa, kuma cikin shekara huɗu ƙananan kifin nan suka koma yawansu na da, don irin wannan istirojin ɗin yana ruɓewa idan aka daina ƙara shi. Masu kwanciya a laka irin PCB su kam sai dai a yashe lakar ko a binne ta, aikin shekaru da dama. Shi kuma kifin da abin ya same shi tun yana cikin ƙwai, kamar salmon ɗin Oregon da shekara guda a ruwa mai tsabta ba ta gyara shi ba, ba shi ake jira ya warke ba, waɗanda za a ƙyanƙyashe bayan ruwan ya gyaru su ne ke cike gurbin.

Alhaji Sani idan ka yi gwajin raba ƙwan nan ka turo mana alƙaluman kwami biyun, na kowace rana daga ƙyanƙyasa zuwa kwana 28, za mu duba su tare a wannan filin.